Iskar da Ta Ƙi Hawa Gilashi

 Gaisuwa ta musamman ga direbobi da yaran mota da makanikai na Ajekoriya, da duk masu bin kwaltar nan da ta taso daga Tsibiri, ta ratsa Kornaka, ta bi ta gabanmu zuwa Dakwaro.

Sharhinmu na yau a kan wani ciwon mota ne da ba kasafai ake kai shi garaji ba. Ka kunna hita, wadda wasunmu ke ce wa shofaj, fanka na juyawa, iska na fitowa, amma ta kafe a wuri ɗaya. Ka murɗa maɓalli zuwa hoton ƙafa, iska na nan tana bugun fuskarka. Ka mayar da shi hoton gilashi, gilashin bai samu komai ba. Mai mota ya kaɗa kai ya ce, "Ai tana tafiya, a bar ta haka nan." Ni kuwa ina ganin bai kamata a bar ta ba, kuma dalilina shi ne gilashin gaba.

Ku duba yadda motar kasuwa ke tashi a watan Disamba ko Janairu. An yi lodi tun kafin kiran assalatu. Mutum goma sha wani abu a ciki, kowa ya duƙunƙune cikin bargo ko rawani, an rufe tagogi ruf saboda ɗari da ƙurar hunturu. Kowane fasinja yana fitar da numfashi mai ɗumi da laima, gilashi kuwa sanyi ƙarara daga waje. Kafin a fita gari suraci ya lulluɓe shi. Sai ka ga direba ya ranƙwafa kan sitiyari yana leƙe ta ɗan wurin da ya goge da tafin hannu, yaron mota kuma na miƙo tsumma. Tsumman nan da shi aka goge mai jiya, ga ƙurar da ta kwanta a gilashin tun shekaranjiya. Abin da aka goge sai ya zama dabbare-dabbare, fitilar motar da ke tahowa ta watsu a kansa, direba ya yi tafiyar daƙiƙa biyar ko goma bai ga komai ba.

To me ke kan hanyarmu a wannan lokaci? Amalanken shanu da na jakuna da suka yi sammakon kasuwa, ba fitila ba ƙyalli. Garken Fulani da na Buzaye da suka gangaro daga arewa bayan kaka suna bin karan gero, suna tsallake kwalta inda suka ga dama. Babur da fitilar bayansa ta mutu tun bara. Mata da yara masu zuwa rijiya. Daƙiƙa goma a gudun kilomita 70 cikin awa, tafiya ce ta kusan mita 200. Wannan ba ƙaramin wuri ba ne da mutum zai keta ido rufe da rayukan jama'a a bayansa. A marka ma haka abin yake: ruwa ya tsuge a watan Agusta, a ɗaga tagogi, mutane su shigo da jiƙaƙƙun kaya, gilashi ya rufe nan take.

Maganin wannan suraci yana nan cikin motar tun daga kamfani: iska mai ɗumi, busasshiya, da ake turawa ta siraran ramukan da ke gindin gilashi. A ƙasashen da ake ƙera motocin nan ba ado ba ne. A Amurka tun 1968 doka ta wajabta wa masu ƙera motoci su sa na'urar da za ta share gilashin gaba daga ƙanƙara da suraci. Motocinmu kuwa, Starlet ne, Corolla ne, Hiace ne, yawancinsu sun yi rayuwarsu ta farko a Turai kafin a sauke su a Kwatano ko Lome. Da kayan aikinsu suke isowa. A hannunmu suke lalacewa, wani lokaci saboda ƙura da rana, wani lokaci kuma da gangan, zan zo kan wannan.

Kafin a taɓa komai, a rarrabe ciwon tukuna, domin ciwo uku ne ake haɗawa a kira su da suna ɗaya, wai "hita ba ta yi". Na farko, ba iska ko kaɗan: wannan maganar fanka ce, ko fiyus, ko wayarta. Na biyu, iska na fitowa amma sanyi ƙalau ko da inji ya yi zafi: wannan maganar ruwan inji ce. Na uku shi ne namu na yau: iska na nan, ɗumi na nan, amma ta ƙi sauya hanya. Duk makanikin da ka kai wa mota ya fara kwance tablo, wato allon da ke gaban direba, bai tambaye ka wanne ne cikin ukun ba, ka ce masa, "Maigida, dakata mu saurara tukuna."

Ga yadda abin yake. A bayan tablo akwai wani akwatin roba. Fanka na turo iska cikinsa. A ciki akwai ɗan ƙaramin lagireto da ruwan zafin inji ke ratsawa, shi ke ɗumama iskar. Daga akwatin hanyoyi suka rabu: ɗaya zuwa fuska, ɗaya zuwa ƙafa, ɗaya zuwa gilashi. Kowace hanya da ƙyaurenta. Wanda ya taɓa ganin ban-ruwa a lambunan Jiratawa ya riga ya san aikin: ruwa ɗaya ne ke tahowa, mai lambu ya toshe wannan fangali ya buɗe wancan. Maɓallin da kake murɗawa ba ya yin komai illa aika wa ƙyauren nan saƙo. Idan iska ta kafe, ɗayan biyu ne: ko saƙon bai isa ba, ko ya isa ƙyauren ya ƙi motsi.

Saƙon kuwa ta hanya uku yake tafiya, gwargwadon irin motar.

Tsofaffin motocinmu, irin su Starlet da tsohuwar Hilux da Fijo 504, kebur ne, irin na birkin keke ko na babur: waya a cikin kube, tana turawa tana ja. Wannan hannunka ma zai gaya maka ciwonsa. Idan ka murɗa maɓalli ka ji shi sakwaf, yana yawo ba nauyi, to kebur ya fita daga maƙalinsa, ko ɗan ƙarfen da ke riƙe kuben ya ɓalle, ko maɓallin kansa ya tsage ta ciki yana juyawa shi kaɗai. Ciro maɓallin ka duba bayansa, ka kama sandar da filaya ka murɗa a hankali. In iska ta sauya, maɓalli kawai za ka saya. Idan kuwa ka ji shi da tauri, ya tafi rabi ya cije, to don Allah kar ka yi masa ƙarfi. Nan ne yawancin ɓarna ke faruwa. Wani abu ne ya tare ƙyauren, kai kuma kana dannawa, kebur ya lanƙwashe, ko hannun roban da ke jikin akwati ya karye. Roban da ya sha ranar Afrilu da Mayu shekara da shekaru, a ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi.

Me ke tare ƙyaure? Ku dubi saman tablo na kowace motar haya a tasha. Biro, tsinken sakace, asuwaki, ƙwallon dabino, tsabar kuɗi, tazbaha, takardun kwantirol. Mota ta faɗa rami, biro ya gangara ya shige ramin gindin gilashi, ya sauka daidai bakin ƙyaure ya tokare shi. Tazbaha ta tsinke, 'ya'yanta su bi ta nan. Sai kuma ɓera. Motar da ke ɗaukar gero da wake da gyaɗa, ta kwana kusa da rumbu, ɓera zai shige ta, kuma ba wurin da ya fi so kamar akwatin nan, ga duhu ga ɗumi. Zai tara zaren buhu da tsumma da soso ya yi sheƙa, ya ɓalgaci waya da tiyo. In ka kunna fanka ka ji wari, ko ka ga gutsattsarin soso da ƙaiƙayi na fesowa, ka san inda za ka nufa. Kwance fankar, galibi tana ƙarƙashin tablo ta gefen fasinja da kusoshi uku ko huɗu, ka haska da tocilan ɗin salula, ka sa hannu ka kwashe.

Ƙura ma na nata aikin a hankali. Maiƙon da kamfani ya shafa a gaɓoɓin ƙyaure yana haɗuwa da ƙurar hunturu ya daskare. A wanke gaɓoɓin, a sa ɗan giris kaɗan. Kar a zuba baƙin mai, ƙura zai ƙara kira, ya kuma cika motar da wari.

Hanya ta biyu ita ce ta zuƙar iska. Ana samunta a tsofaffin Marsandi da motocin Amurka da dama. Inji na zuƙar iska ta wani siririn tiyo, zuƙar ce ke jan ƙyaure. Wannan tana da alamar da ba ta ɓuya: idan tiyon ya tsage ko ya fita, iska sai ta koma gilashi ta zauna can, komai ka murɗa. Da gangan masu ƙerawa suka yi haka. Sun zauna sun yi tunani, in abin nan ya lalace a hanya, ina ya fi kyau iska ta tsaya? Suka ce gilashi. Ku riƙe wannan, za mu bukace shi. Wata alamar kuma: mota na tafiya lafiya iska na fuska, ka taka totur don hawa jigawa, iska ta gudu gilashi, ka saki totur ta dawo. Wannan yoyo ne a tiyo, ko a 'yar gorar da ke ajiye zuƙar, ko ɗan bawul ɗin da ke hana ta komawa. Buɗe bonet inji na aiki, ka kasa kunne, za ka ji tsuwa siririya. Bi tiyon da yatsa daga inji har inda ya shige cikin mota. Sau da yawa kusa da batir yake ruɓewa, ko inda ya goga da ƙarfe. A yanke wurin a haɗa da sabon guntu, magana ta ƙare.

Amma masu motar gazuwal ku ji wannan da kyau. Injin gazuwal ba ya yin zuƙar nan da kansa, famfo aka sa masa, kuma famfon nan shi ne ke sauƙaƙa muku birki. Idan iska ta kafe a gilashi, a lokaci guda kuma ka ji birki ya yi tauri sai ka miƙe a kansa, to ba maganar hita ake ba kuma. Sauke fasinja, a duba motar a ranar.

Hanya ta uku ita ce ta motocin da suka fi sabunta, masu maɓallin dannawa ko masu allo. Su ɗan injin lantarki ne, bai kai tafin hannu ba, maƙale a jikin akwatin, da haƙoran roba a cikinsa. Shi da kunne ake kama shi. Tsayar da mota wuri shiru, kashe rediyo, murɗa makulli ba tare da ka tada inji ba, sa fanka a mataki na ɗaya, ka danna fuska, ƙafa, gilashi, ɗaya bayan ɗaya, kunnenka kusa da tablo. Lafiyayye zai yi 'yar ƙara siririya na daƙiƙa biyu ko uku ya yi shiru. Idan ka ji ƙas-ƙas-ƙas ba tsayawa, haƙoran sun cinye. Idan ka ji yana kai da komo shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi, ƙura ce ta ɓata 'yan ƙarafunan da ke gaya masa inda ya tsaya, kuma sau da yawa buɗewa da gogewa na isa. Idan kuwa shiru ne ɗungurungum, fara da fiyus, sannan soket ɗinsa. A wasu motocin, bayan an sauya batir ko ya mutu, na'urar kan rikice. Cire kan batir na ɗan lokaci, mayar, murɗa makulli, ka bar ta minti ɗaya ba ka taɓa komai ba, takan daidaita kanta. Ba kowace mota ba, amma gwaji ne da ba ya cin ko dala.

Akwai gwaji ɗaya da nake roƙon makanikanmu kar su tsallake. Bayan ka cire ɗan injin nan, ko ka zare kebur, sa yatsa ka motsa hannun ƙyauren da kanka, fanka na aiki. In ya tafi sumul iska ta sauya, ƙyaure lafiya lau, laifin na mai jansa ne. In ya cije, to ko ka sa sabon inji, haƙoransa za su sake cinyewa cikin mako guda, mai mota ya ce ka cuce shi, alhali biro ne ke ciki. In kuma yana juyawa fayau iska ba ta sauya ba, sandar ƙyauren ta karye a ciki. Wannan ne kaɗai ke sa a sauke tablo gaba ɗaya, aikin yini guda, kuma ba shi ne ya fi yawa ba.

Mai kwance tablo kuma ya kula da wayoyi masu soket rawaya. Na jakar iskar kariya ne. Cire batir tukuna ka jira. Kamfanin Toyota cewa ya yi a jira aƙalla daƙiƙa 90. Jakar nan in ta fashe kan mutum yana sunkuye ƙarƙashin tablo, rauni ne mai muni. Haka bakin lagireto, ba a buɗe shi inji na da zafi.

Maganar kayan gyara. Kowa ya san tun bayan sauyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakar Benin, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, komai ya ƙara kuɗi. Wanda ke Ajekoriya sai ya aika Maraɗi, in ba a samu ba a bi ta Dan Isa da Jibiya har Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa. Saboda haka kar a aika da baki kawai, a ce "na Corolla". A ba da tsohon a tafi da shi, ko a ɗauki hoton lambar da ke jikinsa a tura ta WhatsApp. Mota ɗaya takan ɗauki irin wannan inji biyu ko uku, na zafi daban, na hanya daban, kuma sun yi kama. Sannan mu sitiyarinmu a hagu yake. Kayan da aka ciro daga motar Ingila ko ta Japan, masu sitiyari a dama, akwatinsu a juye yake, kana iya sayen abu mai kyau ya ƙi zama.

Yanzu bari in koma kan ɓarnar da na ce da gangan ake yi. Mota ta iso daga Turai, abu na farko da ake gaya wa mai ita shi ne, "Nan ƙasar zafi ce, a cire tamostat, a toshe tiyon hita." Ban yarda da wannan shawara ba, ko da yake na san daga inda ta fito: tsoron kada inji ya tafasa a bazara, a daji, nesa da ruwa. Tsoro ne na gaskiya. Amma injin da aka cire wa tamostat yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba da safen ɗari, ya ƙara shan mai, iskar da zai ba gilashi kuma ba ta da ɗumin kirki. Wanda aka toshe wa tiyo kuwa ya rasa wani abu da zai cece shi a bazarar da yake tsoro. In allurar zafi ta fara hawa kana tsakanin Sakabal da Dakwaro, ka kashe kilim, wato na'urar sanyaya mota, ka buɗe tagogi, ka kunna hita da fanka har ƙarshe, ɗan lagireton nan na ciki zai janye wani kaso na zafin inji har ka samu inda za ka tsaya. Maganin tafasa shi ne wanke lagireto, gyara fankarsa, da daina ɗura masa ruwan rijiya tsura, wanda ke barin tsatsa da farin dutse suna toshe ƙananan hanyoyi.

Wuri ɗaya ne toshe tiyon ke da hujja: idan ɗan lagireton ciki ya huje. Alamarsa, gilashi na ƙara rufewa in ka kunna hita, suracin na da maiƙo-maiƙo, shimfiɗar ƙafar fasinja a jiƙe, ruwan inji na raguwa ba ka ga inda yake zuba ba. Nan a haɗa tiyon biyu a kai ga gida, amma da niyyar gyara.

Wani abu kuma da ba lalacewa ba ne, rashin sani ne. Akwai maɓalli mai hoton mota da kibiya a lanƙwashe a cikinta. Shi ke rufe iskar waje, ta ciki ta riƙa zagayawa. Da rana cikin ƙura yana da amfani, shi ya sa direbobinmu ke barinsa a danne dare da rana. Da asuba kuwa shi ne ke ƙara rufe gilashi, domin numfashin mutane yake ta mayarwa. Sake shi iskar waje ta shigo, iskar hunturu busasshiya ce, nan da nan za ta shanye laimar. In kilim ɗinka na aiki kunna shi tare da hita, yana tsotse laima daga iska. A sassauta taga ɗaya kamar faɗin yatsa biyu. A wanke gilashin ta ciki da ruwa da sabulu ko sau ɗaya a mako, a ware masa tsummansa.

Ina kuma tuna wa masu mota cewa a ƙauyukanmu motar haya ita ce motar asibiti. Ita ke ɗaukar mai naƙuda da tsakar dare zuwa Dakwaro, ita ke dawo da jariri ɗan kwana ɗaya cikin ɗari, ita ke kai tsoho mai tari Maraɗi. Iska mai ɗumi da ke sauka ƙafa a irin wannan tafiya rahama ce. Kuma kada rashinta ya sa a shigo da kaskon gawayi cikin mota a rufe tagogi. Hayaƙinsa da ba a gani yana sa barci, yana kisa.

Na san akwai wanda ke saurare yanzu yana cewa, "Malam, duk na ji, amma kuɗin inji ko na sauke tablo ba ni da su a wannan wata." To ɗan'uwa, yi abin da masu ƙera motocin zuƙar iska suka yi. Je wurin makanike ya cire kebur ɗin ko ɗan injin, ya tura hannun ƙyauren da yatsa har iska ta fito ta gindin gilashi, in hali ya yi ya tsayar da shi inda take rabuwa tsakanin gilashi da ƙafa, ya ɗaure shi da waya a nan. Ka sa tafin hannunka a gindin gilashin, dama da hagu, ka tabbatar iskar na bugunsa kafin ka bar garajin. Ka kwashe biro da tazbaha da ƙwallon dabino daga saman tablo. In bazara ta zo, kuɗi sun samu, sai a kwance wayar a yi gyaran gaske.

Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gida lafiya.